Ina so in ciri fam 3,000 a katin bashi in ƙara jarin tiredin, ku ba ni shawara

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Shekarata biyu da 'yan watanni a Ingila. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke wajen Bradford, dare huɗu a mako, takwas na dare zuwa takwas na safe. In aka cire haraji, na biya kuɗin ɗaki, na aika wa Umma na cefane da kuɗin makarantar ƙannena biyu, abin da ke saura a hannuna bai wuce fam 250 ba a wata. Wani watan ma ba ya kaiwa.

Wata uku da suka wuce wani abokin aikina ya nuna mini tiredin a waya. Zinariya muke saye da sayarwa, ba a kwana da ciniki a buɗe: in na farka wajen ƙarfe ɗaya na rana sai in shiga, kafin in kama hanyar aiki na rufe komai. Na fara da asusun gwaji mai kuɗin bogi, dala 10,000, cikin wata guda na mayar da su 13,000 da ɗoriya. Daga nan na zuba fam 300 nawa na gumi. Yau mako uku, sun zama 410. Muna da zaure a Telegram inda wani gwani yake ba mu sigina, ya ce a saya a nan, a sayar a can, kuma gaskiya yana dacewa sosai.

Damuwata ita ce jarin ya yi kaɗan. In 300 sun haifi 110 a mako uku, ai 3,000 za su haifi 1,100. To banki ya ba ni katin bashi mai iyakar fam 4,500, ban taɓa yin komai da shi ba sai sayen tikitin jirgin ƙasa, kuma ƙarshen wata nake biya tsaf. Tunanina shi ne in ciri 3,000 in juya su wata huɗu, in mayar wa banki kuɗinsa, ribar kuma in biya wa Umma kujerar Makka. Shekararta 63, gwiwa ta fara damunta, kullum maganarta ke nan ta je tun tana iya ɗawafi da ƙafarta. Kujera ta haura naira miliyan 8 a 2025, wajen fam 4,000 ke nan. Da tarin 250 a wata, in ba wata lalura ta taso ba, sai na shekara ɗaya da rabi, kuma kun san gidan Bahaushe ba a wata uku lalura ba ta taso ba.

Akwai wanda ya taɓa yin haka? Kuɗin ruwan katin zai yi yawa ne a wata huɗu kacal?

Sani Mai Goro

Wa alaikumus salam. Kada ka yi. Na karanta har ƙarshe, amsar dai ita ce kada ka yi.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka tambaya ko akwai wanda ya taɓa yi. Ga ni.

Abin da ya tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne lissafin nan, 300 sun haifi 110 don haka 3,000 za su haifi 1,100. Wallahi irinsa na yi a bayan rasit ɗin gidan mai, ina zaune a mota, a watan Fabrairun 2021. Ni tasi nake ja a Manchester. Lokacin kullen korona aiki ya mutu murus, sai ka yini a layi ba ka ɗauki mutum uku ba. A daidai lokacin ne labarin hannun jarin GameStop ya cika duniya, yara a Amurka suna ta nuna sun kuɗance a dare ɗaya. Na ce to ni me zai hana? Na fara da fam 500 nawa. Na ci. Na sake ci. Sai na zaro kati na zuba 4,000.

Bari in gaya maka abin da ya canza, don shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Ba kasuwa ce ta canza ba, ni ne. Ranar 19 ga kowane wata ake cirar kuɗin katin. Lokacin da da kuɗina nake yi, in na buɗe waya na ga abin bai kwanta mini ba, rufewa nake in tafi neman fasinja, ko kwana uku ban shiga ba babu mai tambayata. Da kuɗin kati kuwa, tun daga 10 ga wata nake jin 19 tana matsowa. Dole in ci wani abu kafin ranar. Ita kuwa kasuwa ba ta san da wata 19 ba. Sai na fara shiga cinikin da a da ko kallonsa ba zan yi ba, don kawai kada rana ta faɗi ban samu komai ba. In na yi asarar 200 da safe, da yamma sai in ninka girman ciniki don in rama. Daga nan na ga dillalan Ingila ba sa barin mutum ya ninka jarinsa yadda yake so, na koma wurin wani da ke rajista a wani tsibiri, mai ba da ninki 500, wato ya bar ka ka riƙe cinikin da ya ninka kuɗinka sau 500. Ko sunan tsibirin ban iya faɗa daidai ba, amma na tura musu kuɗi.

Juma'ar farko ta wata ne Amurka ta saba fitar da alƙaluman waɗanda suka samu aikin yi, ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 1:30 na rana a nan. Duk mai taɓa zinariya ko dala ya san wannan lokaci, farashi tsalle yake kamar an taka wutsiyar kyanwa. A masallacinmu kuma liman yana hawa mumbari ne 1:15. Ran nan na buɗe ciniki babba kafin in yi alwala, kuma na cire iyakar asarar da nake sakawa, saboda sau biyu a makon farashi ya zo ya taɓa ta ya fitar da ni sannan ya juya inda na ce zai je. Na ce yau ba za a yi mini haka ba. Na sa wayar a aljihun gaba na shiga sahu na uku. Liman yana huɗuba, waya tana zuu, zuu, a kan ƙirjina. Ko kalma ɗaya ta huɗubar nan ban riƙe ba. Ana sallama ban tsaya addu'a ba, na rinƙa tsallake mutane har wajen takalma. Ƙafa ɗaya a cikin takalmi na buɗe. Fam 2,900 da na bari sun koma 61. Na tsaya a nan mutane suna ture ni suna wucewa, har wani dattijo ɗan Somaliya ya dafa kafaɗata yana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni washegari na zaro kati na biyu na zuba 3,500, wai zan ramo. Mako shida suka yi.

Sai ga ni ba uwa ba riba, da bashin 7,500 wanda kullum garin Allah ya waye sai ya ƙaru. Wasiƙun banki a aljihun mota nake tura su. Wata takwas ina ɓoyewa, ina aikin awa goma sha huɗu, ina cewa kasuwar tasi ce ba ta dawo ba. Ranar da asiri ya tonu, maman Khalifa ce ta buɗe aljihun motar tana neman tishu za ta goge wa yaro hanci, takardu suka zubo mata a cinya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karanta biyu, ta ce, "Tun yaushe?" Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Bayan mako guda ta kai sarƙa da 'yan kunnen lefenta aka auna. Zinariyar da na yi wata da watanni ina saye da sayarwa a waya ko ƙwaya ban taɓa riƙewa ba, amma wadda ta bar gidanmu ta gaske ce.

Duk da haka kati ɗaya ya fi ƙarfina, aka rubuta ni cikin waɗanda suka kasa biya a 2022. Wannan tabo shekara shida yake yi a tarihin bashin mutum a ƙasar nan. Da motata ta tsufa na je neman wata a kan biya kaɗan-kaɗan, aka ce a'a. Har yau motar haya nake ja, duk Litinin sai na biya mai ita kafin in ce na samu na cefane. Bashin na gama shi bara, alhamdu lillahi, tabon kuwa sai 2028.

Niyyarka a kan Umma mai kyau ce, Allah ya ba ka lada. Ni ma ai ba mota mai tsada na so saya ba, kuɗin haya nake nema. Katin bai tambaye ni niyyata ba.

Maman Iman

Baban Khalifa, Allah ya mayar da alheri, ya saka wa uwargida. Ɗan Fagge, aikin lissafin kuɗi nake yi, bari in amsa maka tambayarka ta biyu da lambobi, tunda kai ma da lambobi ka zo.

Da farko ka ɗauko takardar katinka ka duba, don kuɗin ruwa iri biyu ne a jiki, na sayayya da na cirar tsabar kuɗi. Tikitin jirgin da kake saya ka biya ƙarshen wata ba a ɗora maka komai, shi ya sa katin yake maka kama da aboki. Cirar kuɗi wata duniya ce daban, kuma bankuna da yawa in ka tura kuɗi daga kati zuwa asusun dillali a matsayin cirar kuɗi suke lissafa shi. Akwai la'adar cira, yawanci wajen kashi 3 cikin 100, kuma ruwa yana fara hawa tun daga ranar, babu kwanakin sassauci. Mu ɗauka ruwan katinka kashi 29.9 ne a shekara, wanda ba baƙon abu ba ne ga sabon zuwa. Fam 3,000: la'ada 90 nan take, ruwa wajen 68 a wata. Watan farko kaɗai 158, fiye da kashi 5 na jarin, tun kafin ka danna komai. A wata huɗun da ka ce, wajen 360.

Za ka ce ai 360 ba komai ba ne a kan ribar da kake hange. Gaskiya ne, in ribar ta zo. To duba ɗaya ɓangaren. A Ingila doka ta taƙaita ninkin da dillali zai bai wa ƙaramin mai ciniki a kan zinariya zuwa 20. Ma'ana 3,000 ɗinka za su iya riƙe cinikin fam 60,000. Farashi ya motsa kashi 1 kacal, ka ci 600 ko ka rasa 600. Ya bi ta inda ba ka so da kashi 2.5, ka rasa 1,500, kuma a nan dillali zai rufe cinikin da kansa, saboda abin da dokar ta ce a yi ke nan in rabin kuɗin da ka jingina ya tafi. Zinariya kuwa tana yin kashi 1 zuwa 2 a yini ba tare da wani ya yi mamaki ba. Ranar 15 ga Afrilun 2013 ta faɗi wajen kashi 9 a yini ɗaya. Ranar 21 ga Oktoban 2025, bayan kowa ya gama yarda cewa ita sama kawai ta sani, ta sauka fiye da kashi 5. Wanda ya rasa rabin jarinsa kuma, ba ribar kashi 50 yake buƙata ya dawo inda yake ba, sai ya ninka abin da ya rage.

In kuɗin suka tafi ka koma biyan mafi ƙarancin da katin ke nema, yawancin katunan nan kashi 1 na bashin ne haɗe da ruwan watan. Wajen fam 99 ke nan a watan farko, 31 ne kawai suke rage uwar bashin. A haka sai ka yi kusan shekara shida kafin ka ci rabi. Fam 99 daga cikin 250 ɗin da ka ce suna rage maka.

Sannan ka buɗe shafin dillalinka, ka duba can ƙasa ko can sama, akwai wani ɗan rubutu da doka ta tilasta musu sakawa, mai faɗin kashi nawa na ƙananan abokan cinikinsu ne suke asara. Su da kansu suke rubutawa. Lokacin da hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Turai ta kafa waɗannan ƙa'idoji a 2018, abin da ta samu shi ne tsakanin kashi 74 zuwa 89 na irin waɗannan asusun asara suke yi. A Barazil masu bincike sun bi sawun mutanen da suka fara cinikin yini tsakanin 2013 da 2015. Cikin waɗanda suka nace fiye da kwana 300, kashi 97 asara suka yi, kuma wajen kashi 1 ne kawai suka samu abin da ya fi albashi mafi ƙanƙanta na ƙasar. Ka lura, ba waɗanda suka gwada suka gudu ba, waɗanda suka dage. A Indiya hukumar SEBI mai kula da kasuwar hannun jari ta ce mutum 7 cikin 10 masu saye da sayar da hannun jari a yini guda asara suka yi a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023.

Mako ukunka ba ƙarya ba ne, amma ba hujja ba ne. Cikin mutum ɗari da za su jefa kwabo sau biyar, za a samu wajen uku da zai faɗo musu fuskar da suka zaɓa duka biyar ɗin, kuma kowannensu zai rantse hannunsa ne.

Wani abu da ke ba ni mamaki a ƙasar nan: tun 14 ga Afrilun 2020 aka hana yin caca da katin bashi, saboda an ga abin da yake yi wa gidaje. Ba za ka iya sa fam 5 a kan wasan ƙwallo da katinka ba, amma wannan ƙofar ba a rufe ta haka ba.

Abba Kaduna

Ni fa ban yarda a mayar da tiredin caca ba, Anti Maman Iman. Shekarata shida ina yi, sana'a ce mai ilimi kamar kowace. Amma a kan maganar kati, ina bayanku ɗari bisa ɗari, kuma dalilina na cikin gida ne.

Ɗan Fagge, ribar 110 a kan 300 kashi 36 ke nan a mako uku. Wanda ya san harkar in ya ji haka ba murna zai taya ka ba, tsoro zai ji maka, don ba a samun haka sai mutum yana sa babban kaso na jarinsa a ciniki ɗaya. Ni ƙa'idata ba na yarda in rasa fiye da kashi 1 na asusu a ciniki guda. Watan da na samu kashi 3 ina godiya ga Allah, akwai watannin da nake tashi a ƙasa, akwai shekarar da na tashi babu ci babu asara. To kashi 3 na 3,000 nawa ne? Fam 90. Anti ta ce ruwan kati 68. Ka ga ko da ka ƙware kamar wanda ya shekara shida, banki kake yi wa ƙwadago, kai ka tashi da 22. Hanya ɗaya da lissafinka zai kai ga kujerar Makka a wata huɗu ita ce ka yi irin abin da Baban Khalifa ya yi ranar Juma'ar nan, sau da yawa, kuma kullum ka dace.

Asusun gwaji kuma manta da shi. Kuɗin da ba naka ba ne kuma ba a binka, ba ya hana ka barci. Iyakar asara ma ba katanga ba ce. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa da ya ɗaure a kan 1.20 da yuro, cikin mintuna farashi ya tsallake iyakokin mutane kamar ba a sa ba, wasu suka wayi gari dillali yana binsu bashi, kamfanin dillanci na Alpari na Ingila ma ya durƙushe.

Game da gwaninku na Telegram, tambaya ɗaya: shi ya ba ku mahaɗar da kuka buɗe asusu da ita? In eh, to akwai yiwuwar dillali yana biyansa la'ada a kan duk cinikin da kuka buɗe, ku ci ko ku faɗi. Shi ya sa za ka ga sigina biyar, shida a yini. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma don kada in zama munafuki, ni kaina abin da nake samu a koyar da ɗalibai ya fi abin da nake samu a kasuwar tabbas. Da yawanmu haka ne, ba kowa zai faɗa maka ba.

Almajirin Zariya

Allah ya saka wa kowa. Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne, amma akwai gefen da ba a taɓa ba. Hausa ta yi mana wani abu, kalma ɗaya muke rubutawa, riba, ga abin da ɗan kasuwa ke samu da kuma abin da Allah ya haramta a ƙarshen Baƙara. Ɗan'uwa, a shirin nan naka ta biyun tabbas ce tun ranar farko, ta farkon kuwa ko ta zo ko kada ta zo.

Shi kansa cinikin da dillali ke ranta maka ninkin kuɗinka da sharaɗin a wurinsa za ka yi ciniki yana cin la'ada, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kansa a 2006 ta ce bai halatta ba. Abba, na san za ka ce akwai asusun da ba a cajin kuɗin kwana, wato abin da dillali ke cira in ciniki ya kwana a buɗe, to kuɗin kwana ɗaya ne kawai daga cikin dalilan da suka kawo. Wannan sai ka zauna da malaminka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne Hajji an wajabta shi ne a kan wanda ya samu iko. Umma ba ta da laifi a wurin Allah in ba ta je bana ba, kai ma ba ka da shi. Bashi kuwa, ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da shi. Ka kira ta ka ce, Umma, zan ci bashi mai ruwa in juya, in an dace ki tafi Makka da ribar. Ka ji abin da za ta ce. In ka ji ba za ka iya faɗa mata ba, to ka riga ka san amsar.

Abba Kaduna

Akaramakallahu, maganar ninki akwai zance, amma ba a nan ba, kada mu karkatar da yaron nan. A kan kati dai bakinmu ɗaya.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya Baban Khalifa, na karanta naka a ɗakin hutu ƙarfe uku na dare, na kasa shan shayin da na haɗa.

Akwai abin da ban faɗa ba, kunya ta hana ni. Tun ranar Talata na riga na ciri 500 a katin, na ce gwaji ne kafin in sa manyan. Na haɗa da 410 ɗina. Jiya sigina biyu suka faɗi a jere, na ƙara girma a na uku. Abin da ke cikin asusun yanzu 590 ne. Kuma eh, Abba, shi ya turo mana mahaɗar, har ya ce in ba ta ita aka buɗe ba ba za a sa mutum a babban zaure ba. Na je na duba ɗan rubutun da Anti ta ce, yana nan, ban taɓa lura da shi ba.

Tambaya ɗaya ta rage mini. Abokin aikina ya ce akwai katin da ke tura maka kuɗi asusunka ba ruwa har wata goma sha biyu. Wannan fa? Tunda babu ruwa?

Maman Iman

Akwai su, amma ana cire la'adar kashi 3 zuwa 4 tun farko, ruwa yana jiranka ranar da wa'adin ya cika, kuma in ka makara biya sau ɗaya suna iya janye rangwamen. Ya rage tsadar bashin, bai taɓa komai a kan ɗayan lissafin ba. In 3,000 suka tafi a mako shida, ana binka 3,000.

Yau ɗin nan ka cire 590 ɗin. Ka biya katin 500 da la'adarsa da ruwan 'yan kwanakin, kada ka jira takardar ƙarshen wata don kullum yana hawa. Za ka tashi da wajen fam 70 daga cikin 300 ɗinka. In dillalin ya fara ja maka rai wajen fitar da kuɗi, ka ajiye hoton duk saƙon da kuka yi. Duk wanda ke karanta wannan kuma ya riga ya nutse, StepChange da National Debtline kyauta suke ba da shawarar bashi a ƙasar nan, kada ya biya kowa a kan haka.

Maganar Umma, akwai asusun tarin kuɗin Hajji da hukumar alhazai ta buɗe da bankin Jaiz tun 2020, ana zubawa kaɗan-kaɗan. Ka sa wani a gida ya je ya tambayo maka sharuɗɗan.

Baban Khalifa

Ƙanina, fam 230 ka biya. Ni 7,500 na biya da sarƙar matata a kan darasin nan guda. Ka fita daga zauren nan kafin ka kwanta, ba gobe ba, don gobe da rana zai turo hoton wani da ya ci 2,000 kuma hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ni sai da na ba maman Khalifa wayar ta goge manhajar da hannunta.

Muna da adashi mu goma, direbobi da masu aikin dare irinka, fam 200 a wata, sabon zagaye zai fara bayan salla. In kana so zan yi maka magana, sai dai sabon shiga shi ke ɗaukar ƙarshe.

Ɗan Fagge

Na tura buƙatar cire kuɗin, sun ce kwana uku zuwa biyar na aiki. Na fita daga zauren, har mai shi ya biyo ni ta gefe yana tambaya ko lafiya, ban amsa ba. Yaya, a sa ni a adashin, ɗaukar ƙarshe ba komai. Umma dai na riga na ce mata ta fara shirin fasfo, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Sani Mai Goro

Fasfo ai ba ya lalacewa a shekara ɗaya. Bar ta ta yi abinta.